Labulen da Fenta Ya Manta Bai Yaye Ba

Surukina, mijin 'yata ta fari, Fenta ake ce masa har yau, ko da yake ya fi shekara goma sha biyar rabonsa da buroshi. Da can allunan shaguna yake rubutawa. Farce kullum shuɗi, riga na warin kananzir, 'yata kuwa ta ce ta ji ta gani. Da injin buga alluna ya kashe kasuwar, sai ya koma wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da mai gyaran agogo, ya ajiye kwamfuta da fanka mai fiffike biyu.

Na taɓa ce masa, "Wai kai yanzu me kake sayarwa? Ba fenti, ba katako, sai ƙura wa gilashi ido?"

Ya ce, "Iya, allon ne dai. Kowane shafi na intanet yana da rubutu a ɓoye a samansa. Mutum ba ya gani, injin bincike ne ke karantawa. Layi ɗaya sunan shafin, layi ɗaya ɗan bayaninsa. In na gyara su, mai neman takalmi yana bugawa a waya, shagon mai takalmi zai fito masa a gaba."

"In ba ka gyara ba fa?"

"Shagon na nan, amma kamar an gina shi a bayan gari."

Akwai kuma wani layin da yake kira labule. In yana cikin gina shafi, sai ya sa shi, wato ya ce wa injin ya wuce, kada ya nuna wa kowa. In ya gama sai ya cire. Ya sha yi wa abokan sana'arsa dariya in suka manta ba su cire shi ba.

Ɗansa ɗaya ne, jikana Dogo. Uban ya so ya gaji kujerar, shi kuwa tuƙin babbar mota yake so. Rannan ana cin abinci magana ta yi zafi, Fenta ya ce, "In ka fita ƙofar nan, na goge ka." Dogo ya wanke hannu ya fita. Ya sauya lambar waya. Taurin kan nan wajen uban ya samo shi, mu namu a baki yake tsayawa.

Bayan shekara uku ciwon ƙoda ya kama 'yata. Sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda. Ba ta roƙi kowa komai ba, amma duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗago kai. Na je shagon na sami Fenta, na ce, "Kai da ke nemo wa duniya mai takalmi, ɗanka ne ya gagare ka? Yau nake so, ba gobe ba!"

A barandar asibiti ya yi shafin, kwamfuta a kan cinya, ana ta kiransa ya je karɓo magani. Ya sa cikakken sunan yaron a layin farko. A na biyu ya rubuta, "Mahaifiyarka ba ta da lafiya. Ka dawo gida. Na janye maganata." Kalmomi ukun nan na ƙarshe kwana biyu suka ci masa.

Kullum sai ya buɗe shafin a kwamfutarsa ya nuna wa matarsa, ya ce, "Ga shi nan, zai gani." Amma bai taɓa buga sunan a injin bincike ba. Tsoro yake kada hoton mota a kife ya fito masa.

Wata bakwai tana kallon ƙofa. Ta rasu wata Talata da hantsi.

Dogo ya iso bayan mako biyar, wani direba ne ya ba shi labari. Ya durƙusa a gabana, ya rame, ya yi baƙi. Na ce, "Sai yanzu, angon banza?"

Ya ce, "Kaka, duk garin da na sauke kaya sai na buga sunana a waya. Na san aikin Baba. Na ce in yana nemana, ni zan fara gani. Ban ga komai ba. Na ce to, da gaske ya goge ni."

Fenta ya jawo kwamfuta. "Ga shi! Wata takwas ke nan!" Ya nuna masa shafin. Sai ya buɗe rubutun ɓoyen, yana bi da yatsa layi-layi. Yatsan ya tsaya.

"Labule," ya ce.

Yana nan tun ranar da ya sa shi, bai cire ba. Ni ce na ce yau, ba gobe ba.

Dogo ya karanta shafin har sau biyu. Ya kwana uku a ɗakin uwarsa, ya koma kan hanya. Yana kira, amma ni yake kira.

Fenta na nan ƙarƙashin matakalar. Mai agogo ya ce duk aikin da zai miƙa sai ya duba labule sau uku. Shafin ma yana nan, yanzu shi ke fitowa a farko. Ya goge zancen rashin lafiya, ya bar sauran.