Sambo Ɗan Bargar Babur

Ni da ƙanena Sambo sau ɗaya munka yi faɗan da ya tara mutane, kuma a kan ƙarfe munka yi shi. A Kalgo ne, inda nike aure, farkon damina, shekarun da Turawa sunka fara yawo bisa babur a ƙasarmu. Na kai mishi tuwo a rumfar bariki, na iske shi durƙushe gaban babur ɗin ubangidanshi kamar mai gaida surukai.

"Sambo, yau kwana nawa?"

"Sha ɗaya, Yaya."

"Sha ɗaya! Ruwa ya sauka sau uku. Kowa a Gwandu ya yi shuka, kai kana nan kana jinyar ƙarfe. Mi za ka ba Jummai ta daka bana? Hayaƙi?"

"Amana ce anka ba ni."

"To cikin da matarka ke ɗauke da shi fa, amanar wa ne? Tawa?"

Ya ce in rage murya. Na ƙara ta. Na ce da shi ko jakin gidanmu ya fi shi wayo, don shi in an ɗaure shi yana jan igiya. Na ɗauke akushina na kama hanya, na kai bakin rijiya, na komo na dangwarar mishi da shi, don ɗan uwa ne.

Sambo shi ne namiji na biyu a ɗakinmu, ni na goye shi. Tun yana yaro ba ya da baki, sai hannu. Dokin da ya ƙi kowa, in Sambo ya shafa wuyanshi sai ya sauke kai. Wannan ya sa wani Bature mai rangadi, wanda muke ce ma Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinshi, ya ɗauke shi ɗan barga. Rani yana bin Bature, damina a sallame shi ya koma Gwandu ya noma gonar ubanmu. Shekara shida haka, ba wanda ya yi kuka. Sai dokin ya mutu, Mai Lofe ya sayo babur. Sambo bai san wani aiki ba sai na doki, don haka ya ci gaba da yi ma babur abin da ya iya.

Ranar da sunka iso Kalgo, ita ce ranar da za a sallame shi. Ruwa ya duke su a hanya, sunka ratsa wani rafi, babur ya yi tari biyu ya mutu. Mai Lofe ya taka, ya taka, wuyanshi ya yi ja. Daga baya ya ari doki ya wuce Jega, ya bar magana: Sambo kada ya gusa daga babur sai ya tashi. Ya bar Bawa masinja ya tsare shi. Bawa ya faɗa mishi a fili, in ya sulale, gidan yari ne a Birnin Kebbi.

Kafin ya tahi, Bature ya nuna mishi inda ciwon yake. Abin ba ya tashi sai da wuta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai farin wuya kamar tangaran, fulogi sunanshi. A kwance shi da sifana, a kankare baƙin da ke bakinshi, a jingina shi jikin babur, a taka ƙafar tayarwa. In lafiya, tartsatsi shuɗi zai yi tsalle a bakin, ƙas. Daga fulogi wata baƙar waya ta gangara zuwa wani akwati a ƙasa, maganeto, can ake haihuwar wutar.

Sambo ya kankare fulogi har ya kusa cinye shi. Ya sa na biyun da Bature ya bari. Ya bi waya da yatsa kamar mai neman kaska, ya goge bakinta, ya ƙara ɗaurewa. Ya taka har ƙafarshi ta kumbura. Ko ƙyalli. Daga rumfar nan yana hangen mutanen Kalgo suna wucewa da sungumi da ƙoƙon iri, su dawo da laka a ƙafa. Gwandu tafiyar kwana biyu ce, amma da Makka take da bai fi jin nisanta ba. Jummai ta aiko sau biyu. Na biyun ba ta ce komi ba, ƙullin irin gero kawai ta ba ɗan aike ya kawo mishi.

Kwana uku bayan faɗanmu na yi sammako, don ina da suna a unguwa. Ban taɓa zuwa da safe ba. Na iske ƙanena da tulu biyu da soso, yana wanke babur. Ya wanke baya, ya wanke ƙafafu, ya duƙa ya kwara ruwa ƙarƙashin ciki, daidai kan akwatin nan, ya cuɗa shi sosai. Da ya gama ya ɗauko bargo ya lulluɓe shi ruf.

"Wanga mi ne ne?"

"Wanka. Kullum nike mishi."

"Bargon fa?"

"Ba shi da lahiya, Yaya. Kada sanyi ya kama shi."

Bawa na gefe yana cin goro, ya ce, "Ai Hadijatu, ba a taɓa ɗan barga mai tsabta kamar ƙanenki ba."

"Kai rufe mana baki, mai jar hula. Sambo, ina ka ce wutar take fitowa?"

Ya nuna akwatin. Ruwa na ɗiga daga gare shi.

"Shekara arba'in nike hura wuta. Ka taɓa ganin na tsoma ƙyastu da abduga cikin randa, sannan na ƙyasta?"

Ya sake duban akwatin. Can ya ce ai da rani ma yana wankewa, kuma yana tashi. Na ce da rani a fili yake kwana, kafin hantsi rana ta lashe ruwan. Yanzu fa? Rumfa, hadari, ga bargo. Kwana goma sha huɗu yana kashe wutar da safe, ya wuni yana nemanta.

Ya ce a kawo garwashi. Bawa ya yi tsalle, ya ce fetur na ciki, za mu tashi da bariki duka. Sai na koma gida na soya yashi a kasko, irin wanda nike suyar gyaɗa, na ƙulla cikin tsumma. Sambo ya buɗe murfin akwatin, munka goge cikin da abduga, munka ɗora ƙullin. In ya huce in sake soyawa. Kwana biyu ina hawa da sauka, kuma na kwashe tulunan na kai gidana, don na ga idonshi na komawa kansu.

Rana ta uku da azahar ya riƙe bakin waya da hannu, ya ce Bawa ya taka. Bawa ya taka. Sambo ya yi ihu ya faɗi zaune, yana yarfe hannu yana dariya, hawaye na zuba.

"Ya cije ni, Yaya! Wallahi ya cije ni!"

Anka mayar da fulogi, taku biyu babur ya ɗauka, kajin bariki sunka watse. Sambo ya ɗaure ƙullin irin geronshi a ɗamara tun kafin a kashe babur. Amma Bawa ya ce a'a, sai Bature ya zo ya gani da idonshi. Kwana tara kuma. Geron mutane ya kai idon sawu.

Mai Lofe ya zo, ya ji ƙara, ya bubbuga kafaɗar Sambo. Ya ce ta bakin Bawa bai taɓa ganin baƙin mutum da ya warkar da maganeto ba, irin wannan ba a sakin shi gona. Daga yau ba sallamar damina. Inda babur ya kwana, nan Sambo zai kwana. Na buɗe baki in ce ni ce na yi aikin, da yashin gyaɗa. Sambo ya dube ni, na gane in na faɗa, maganar wanka za ta fito. Na haɗiye.

Shekarar nan gonar ubanmu ciyawa ta ci. Jummai ta haihu a gidan iyayenta a Masama. Sambo bai ga yarinyar ba, zazzaɓi ya kashe shi a Yawuri kafin wata damina, yana kwance a rumfa ɗaya da babur.

Safiyar da za su bar Kalgo, Bature ya yi gaba da ƙararshi, Sambo zai bi a ƙasa da garwar fetur a kai. Na raka shi har bayan gari. Na jawo hannun rigarshi inda Bawa ba zai ji ba.

"Ka ji ni da kyau, don kai sai an tauna maka. Baɗi, in ruwan farko ya sauka, rangadi zai bi ta Gwandu. Ranar da kunka sauka barikin Gwandu, ka samu tulu biyu, ka yi mishi wanka mai kyau, ka rufe shi da bargo. In za a tsare ka, a tsare ka inda kake ganin gonarka."