Ranar da Aka Kwance Bandejin Mu'minat

Shafa'atu 'yar Amarawa ce, amma a Illela ta yi aure, a nan kuma mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Ta yi karatun aikin jinya a Sakkwato. Bayan ta gama takaba wani ejan ya samo mata aiki a Saudiyya, ya ce asibiti ne. Da ta isa sai ta tarar gidan wani attajiri ne. Aikinta ta juya tsohuwar gidan a gado, ta kwashe kashinta, ta wanke mata gyambon baya. Ba ta taɓa ƙyamar tsohuwar ba. Abin da ke tayar mata da zuciya shi ne 'ya'yan cikin tsohuwar, da za su tsaya bakin ƙofa da hankici a hanci, su gaishe ta daga nesa su fice. Tsohuwar na rasuwa Shafa'atu ta tattara kayanta ta dawo gida.

Yanzu tana da ɗan shago kusa da tashar mota, inda take wankin ciwo. Galibin masu zuwa matafiya ne da aka koro daga Aljeriya ko Libiya, suka ratso Nijar suka faɗo ta Ƙonni, ƙafafu a farfashe.

Haka wani ɗan kabu-kabu ya sauke mata Mu'minat wata safiya. Mutuniyar Ilori ce, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ta ɗaure ƙafar hagu da guntun zane. Kafin a kwance, wari ya riga ya cika shagon, har mai shayin maƙwabta ya ja bencinsa gaba. Ƙarfe ne ya yanke ta a hamada, ciwon ya ruɓe, tsutsa na motsi tsakanin yatsu. Shafa'atu ta durƙusa da matsefata tana cire su ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a wani kwano. Ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta sa aidin, ta naɗe da farin bandeji.

Da rana sai ga farar mota. 'Yan wata ƙungiya ne daga birni, riguna iri ɗaya, sun ce sun zo duba halin da matafiya ke ciki. Shugabansu wani matashi ne mai suna Izzuddeen, bakinsa cike da ladabi. Shafa'atu ta ba su wurin zama, ta zagaya baya don ta yi azahar.

Ihun Mu'minat ne ya sa ta sallame da sauri. Ta tarar an warware bandejin, yana yashe a ƙasa. Ɗaya ya riƙe ƙafar, ɗaya ya saita waya. Izzuddeen kuwa ya ɗauko kwanon nan, yana mayar da tsutsa kan ciwon da tsinken ashana.

"Mi kake yi haka?" in ji Shafa'atu.

"Hajiya, ki yi haƙuri, hoto ne kawai. Masu ba da tallafi in ba su ga abin da idonsu ba, ba sa motsawa."

Shafa'atu, wadda ta yi shekaru tana kwasar kashi ba ta taɓa yamutsa fuska ba, yau sai ta yamutsa ta. Ta fizge kwanon.

"Wagga ɗiyar mutane ce, ba mushe ba! Ku hita min daga shago!"

Ta bi su da tsintsiya har bakin mota, direbobin tasha na kallo. Ta dawo ta sake wankin daga farko, Mu'minat na kuka da Yarbanci.

Washegari Shafa'atu ta kai ta asibiti a Sakkwato, aka cire yatsu biyu. Mu'minat ta yi jinya a ɗakin Shafa'atu har ta soma takawa, sannan yayanta ya zo ya tafi da ita.

Bayan bikin sallah mai shayi ya nuna wa Shafa'atu hoton a wayarsa. Ga ƙafar, ga tsutsa, a ƙasa an rubuta cewa ƙungiyar ce ta ceto matar. Ta tofar da yawu ta miƙa masa wayarsa. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.