Hannun Tanko a Fayil ɗin Alhaji Bawa

Ko na manta da komai a aikin nan, ba zan manta da safiyar da Alhaji Bawa ya ce mini babu lamba ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani asibiti a Jega, wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ƙauyukanmu ba. Likitanmu ya fito da tsari don tsofaffi masu hawan jini da zuwa asibiti ke yi wa wuya. A ba tsoho na'urar awon jini mai batir ya tafi da ita gida. Kowace safiya ya ɗaura a dantse, ya yi mini filashin, in kira shi, ya karanto lambobin in rubuta a fayil. Da su likita ke duba ko a ƙara magani ko a rage.

Alhaji Bawa manomin albasa ne a Dangamaji. Ranar da aka fara kawo shi, jininsa ya hau har yana ganin jiri. Amma da ya koma gida da na'ura, sai lambobi suka dawo sumul kamar na ɗan ƙwallo. Likita ya rage masa magani sau biyu, har ya ce ranar Litinin za a tsayar da shi baki ɗaya. Ni kuwa sai hura hanci nake, ko'ina ina ba da misali da majinyacina.

Ranar Asabar na kira shi.

"Baba, lambar yau fa?"

"Lahiya lau, ɗana. Amma yau babu lamba, Tanko ya tahi Aliero."

"Wane ne Tanko?"

"Mai ɗunka muna buhunan albasa. Sai ya dawo."

Wallahi nan take na kashe wayar. Na hau babur, ban tsaya ko'ina ba sai zaurensa. Na tarar da na'urar a lulluɓe cikin sabon ƙyalle, shi kuma yana zaune ya ɗaure kai da rawani tamau.

Bayani ya yi mini tiryan-tiryan, ko a jikinsa. Wai kwana ukun farko ya auna, ya ga lamba ba kyau. Sai ya tara mutanen zaure aka gwada hannun kowa, har da liman. Na Tanko ya fi kyau, aka bar masa aikin. Kullum bayan an karya kumallo sai Tanko ya zo ya miƙa dantse.

Na ce, "Haba Baba! Don me?"

Ya dube ni kamar ni ne marar hankali. "Kai ɗana, mutum ya kira ka da sassahe ya gaishe ka, ka tare shi da mugun labari? Ba a yi muna wagga tarbiyya ba. Kuma likita na wahala da mu, ai sai a faranta mai rai."

Dariya ta zo mini, tsoro ya danne ta. Na ɗaura masa na'urar da hannuna. Lambar sama ta haura ɗari da casa'in. Ashe rawanin nan ciwon kai yake ɗaurewa, kwana biyar ke nan.

Ranar a asibiti ya kwana. Likita ya duba fayil, ya dube ni, ya ce, "Wata biyu kana jinyar mai ɗinkin buhu." Gaskiyarsa ce, don da an kai Litinin da an cire wa tsohon nan magani da sa hannuna.

Da za a sallame shi muka yi yarjejeniya. In na kira, mu gaisa tukun, ya ce lahiya lau son ransa, har iyali da gona. Sannan in kashe, in sake kira. Kira na biyu ba gaisuwa, sai lamba. Ya ce wannan ya yi daidai da mutunci.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, na'urorinku sun fi namu, amma mutanen su ne dai. Tsohonmu zai iya mutuwa don kada ya ɓata maka safiya. Shi ya sa har na yi ritaya ban sake rubuta amsar farko a fayil ba.