Oga Isiyaku ya tafi da Rawar Tura Mota

Ina cikin shan koko da safen nan aka kira ni daga Jigwada: Oga Isiyaku ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kuka, amma wallahi haushinsa nake ji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana rawa a Keffi lokacin da kuɗin fetur ya shigo, manyan motoci suka cika hanya. Idan gwamnati ta yi baƙi, jami'ai so suke mu fito da fatu da gashin tsuntsu. Shi kuwa sai ya sa mana singileti, ya kai mu tasha mu wuni muna kallon leburori na tura motar siminti da ta mutu. Daga nan ya ƙirƙiro Rawar Tura Mota. Wani jami'i ya ce wannan ba al'ada ba ce. Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, to su waɗannan mutanen daga wace ƙasa aka kawo su?"

Mutum ne mai kirki, ba na musu. Da na yi targaɗe, kullum a kekensa yake kai ni gida. Shi ya je ya durƙusa gaban mahaifina har ya yarda rawa ba iskanci ba ce.

Amma taurin kai!

Bai taɓa koya wa mutum ɗaya rawar gaba ɗaya ba. Kowa nasa takun kawai, a keɓe. Idan ka yi ƙorafi sai ya ce, "Ranar da ka san na ɗan'uwanka, za ka daina kallonsa." Shi ke tsakiya, da kafaɗa yake ba kowa alamar shiga. A fili abin ya yi kyau, har tsigar jiki ke tashi. To amma mutane mutuwa suke yi, Oga.

Kafin azumi na je gidansa da wayata. Na ce, "Oga, don girman Allah ka tashi ka nuna, ko a zaune ne, in ɗauki bidiyo."

Ya ce, "Mayar da abin nan aljihu, Garba. Rawa ce ko hoton fasfo? Ka tara min yarana bayan sallah, ni zan haɗa ku."

Yaransa! Yawancinmu suna kabari. Danladi na Agwada ɓarin jikinsa ya shanye. Abokin rawarmu na Gitata ko sunan matarsa ba ya tunawa. Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya tura min ƙosai.

Yanzu ga shi kowa na ɗora hoton Oga a intanet yana rubuta "gwarzo", kuma a cikinsu babu mai iya nuna taku ɗaya.

Ɗazu na ture kujeru a falo, na tsaya yadda ya koya min, ƙafar hagu a gaba. Komai yana nan a jikina. Na daɗe a tsaye ban motsa ba, don ban san lokacin shigata ba sai ya ɗaga kafaɗa.

Allah ya jiƙanka, Oga, ya yafe maka, har da wannan da ka yi mana. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni yau tawa addu'ar ba ta fita da kyau.