Kaguwar Zulekhan

Duk wanda ya taɓa sauka Keamari, a bakin tekun Karachi, da yamma don ya kai iyalinsa kamun kaguwa ya san Khamiso, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai gemu ja da lalle, wanda ba ya rububin baƙi. Sauran masu jirage tun ba ka kashe mota ba sun yanyame ka, wannan ya riƙe ƙofa, wancan ya cafke hannun ɗanka, kowa na rantsuwa jirginsa ne mai sababbin katifu. Khamiso kuwa yana zaune a bakin matakala yana kurɓar shayi. In hayaniya ta ishe ka, da ƙafarka za ka gangara wurinsa.

A wani tsibiri da ake kira Baba aka haife shi, ranar Alhamis, daga nan sunan ya fito. Jirgin na mahaifinsa ne. A zamanin tsohon, in ka jefa zare da kan kifi a ruwan nan, kafin ka gyara zama kaguwa ta maƙale. Sai Karachi ta yi ta kumbura, ta juye duk ƙazantarta a bakin teku, ruwan ya yi baƙi yana warin man jirgi, kaguwa ta tattara nata-ya-nata ta yi gaba. Mutanen gari ba su san an yi ba. Su da suka kore ta, su ne kullum ke zuwa da 'ya'yansu cikin fararen kaya suna tambaya ko yau tana kamuwa.

To, masu jirage ba za su ci iska ba. Da safe ake sayo kaguwa wurin masuntan da ke shiga can cikin lunguna, a ɓoye ta cikin bokiti a ƙarƙashin katako. Khamiso ya fi kowa iya wannan aikin. Sai ya miƙa wa yaro zare, ya tsaya kusa yana ba shi labarin manyan jiragen kaya, can ya sa babban yatsan ƙafarsa ya ɗan fizgi zaren. Yaro ya yi tsalle. Khamiso ya zura 'yar koma mai mariƙi ta gefen jirgi, da kaguwa tuni a cikinta, ya ɗago ta tare da kan kifin. Daga nan sai ihu da tafi da ɗaukar hoto. Abokin aikinsa Sumar, tsoho mai bakin tsiya wanda suka tashi tare, ya soya ta a kan risho da dankali da yaji, a ci da gurasa mai zafi ana tsotsar yatsu. Khamiso bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Ya ce murna yake sayarwa, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ita.

Rabin aikin nan a tsakar gidansa ake yin sa, a hannun matarsa Zulekhan. Ita ke niƙa yajin a kan dutse, ba ta yarda da inji ba. Ita kuma ke ɗaure hannuwan kaguwa don kada su yi wa juna lahani a cikin buhu. Da ragowar jan zaren ɗinkin bargo take ɗaurin, wani irin ƙulli nata wanda in ka ja bakinsa sau ɗaya ya warware, don Khamiso ya cire shi kafin baƙi su gani. Yatsunta duk tabon cizo ne.

Tun tana amarya take da buri guda, kuma duk shekara sai ta tayar da shi.

"Baban Yaqub, yaushe za ka hau da ni? Ba irin hawan zuwa kasuwa ba. In zauna kan katifar nan, a ba ni zare, a zuba min shayi."

"Ke da kike kwana kina tashi a tsakiyar teku, me za ki gani?"

"In ga abin da matan masu kuɗi ke gani da har suke ihu."

"Bari baƙi su ragu."

In baƙi suka ragu, lokacin damina ne, teku ta haukace. In teku ta kwanta, baƙi sun dawo. Ban da haka akwai abin da bai taɓa faɗa mata ba: kunya yake ji. Matar mai jirgi a kan katifar baƙi, ai sai 'yan matakala su yi shekara suna yi masa dariya. A haka aka haifi Yaqub, aka yi masa aure, gashin Zulekhan ya yi fari, katifun jirgin aka sake su ba sau ɗaya ba.

Ciwon ya fara da rashin cin abinci. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Suka yi ta jigila zuwa wani babban asibiti a cikin gari, har ranar da likita ya ja Khamiso gefe ya ce su koma da ita gida, su ba ta duk abin da ranta ke so. Ya ɗauka ba ta ji ba. Suna cikin jirgin fito na komawa tsibiri ta taɓa gwiwarsa.

"Ka dai ji abin da likita ya ce."

"Me ya ce?"

"Duk abin da raina ke so. Katifa nake so, da zare." Sannan ta ƙara: "Kuma kada ka sayo ko ɗaya. Tawa zan kama, ta gaske. Na gaji da ɗaure ta wasu."

Ya yi mata alkawari. Amma akwai guda da ta rage daga buhun jiya, babba, wadda ita da kanta ta ɗaure tana kwance a kan gado, don aikin nan kaɗai ta ƙi sakar wa surukarta Rahima. Khamiso ya daɗe yana kallon bokitin, sannan ya tura shi ƙarƙashin katako ya rufe da tsumma.

Ta sa kayanta na zuwa biki, kore mai aikin madubi, da mayafin da ta fi so. Ta ƙi yarda jirgin Khamiso ya ɗauke ta daga tsibirin. Sai da Yaqub ya tsallaka da ita Keamari, ya riƙo ta a hankali ta sauko matakala kamar kowace baƙuwa. 'Yan matakalan da Khamiso ya yi shekaru yana tsoron bakinsu suka miƙe tsaye suka ba ta hanya.

Ta tsaya ta ƙare wa jirgin kallo.

"Malam mai jirgi, wannan akwalar taka ba ta yoyo?"

"Begum Sahiba," in ji Khamiso, yadda yake kiran matan manya, "gwamna ma ya so hawanta, na ce an riga shi."

"Shi kuma wancan tsohon mai kama da busasshen kifi, shi ne mai girkin?"

"Matar yaya, ki ji tsoron Allah," in ji Sumar. "Busasshen kifin da kika aura ya fi ni ƙaya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Suka fita tsakanin manyan jiragen kaya masu tsayi kamar benaye. Fararen tsuntsayen teku suka biyo su garke guda, Sumar ya ba ta ƙullin fulawa tana gutsura tana jefa musu, suna cafewa tun bai taɓa ruwa ba. Ga hasumiyar Manora, ga duwatsun nan da ke tsaye a tsakiyar ruwa, ga dogayen gine-ginen Clifton, unguwar masu kuɗi, can nesa cikin hayaƙi. Babu wanda ba ta sani ba a ciki. Amma ta jingina da matashi tana kallo kamar yau ta zo duniya.

"Ban taɓa ganin garin nan hannuna ba komai ba," ta ce. "Ashe yana da kyau."

Khamiso ya juya ya kama gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Ya jefa anga inda ya saba, ya ɗaura mata kan kifi, ya sa mata zaren a hannu. Suka jira. Shayi ya huce. Ya matso kusa da ita yana ba ta labarin wani jirgin Girka.

"Baban Yaqub, janye ƙafarka daga zarena. Na san yatsan nan tun yana da farce."

Ya janye. Ya tayar da inji ya kai su can bakin itatuwan ruwa, inda mahaifinsa ke cika kwando kafin azahar. Zaren ya yi nauyi, ta ja da ɗoki, sai ga leda. Ya sake wuri. Rana ta yi ƙasa, ta zama ja. Leɓenta ya bushe, kanta yana rinjaya gefe, amma ta naɗe zaren a yatsa ta ƙi saki. Khamiso mutum ne da bai cika roƙon Allah abin duniya ba. Ranar ya roƙa. Bai roƙi a ɗaga mata ciwon ba, ya san wannan an gama. Kaguwa ɗaya ya roƙa, ko ƙarama ce, ko mai hannu ɗaya, daga cikin tekun nan da ya ba duk ƙuruciyarsa.

Sumar ya raɓo shi ya yi ƙasa da murya.

"Ba za ta kai magariba a zaune ba. Ko ka yi, ko ka juya da mu."

"Na yi mata alkawari."

"Alkawarin da ka yi mata tana amarya fa? Wancan ma ai ka cika shi da wuri."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ana haka igiyar ruwa ta kaɗa jirgin, zaren ya motsa da kansa. Zulekhan ta ɗago kai.

"Wani abu ya taɓa."

"Ja a hankali, Begum Sahiba! A hankali!"

Ya duƙa ya lalubo bokitin, ya jefa kaguwar a koma, ya zura ta gefen jirgi ya ɗago. Abin da ya yi sau dubbai ne, ko a barci zai iya. Amma idonsa ya cika da ruwa. Sai da ya juye ta a gaban katifar sannan ya gani: ya warware hannu ɗaya, ya manta ɗayan. Ga jan zaren nan, ga ƙullin.

Zulekhan ta dubi kaguwar. Khamiso bai san tsawon lokacin da ta yi tana dubanta ba.

Sai ta ƙwalla ihu, ta ɗaga ƙafafu sama kamar yadda matan Clifton ke yi.

"Na kama! Wayyo, ku riƙe ta kada ta cije ni! Sumar, ka gani? Ka taɓa ganin mai girmanta?"

"Tun da nake ban taɓa gani ba," in ji Sumar.

Khamiso ya yi wuf ya dafe kaguwar, ya ja bakin zaren ya yar, ya miƙa ta wurin risho. Da aka soya, Zulekhan ba ta iya ci ba. Ta dai dangwali man da yatsa ta lasa, ta lumshe ido.

"Malam mai jirgi, wa ke niƙa muku yajin nan?"

"Wata ce a tsibiri."

"Ta iya. Ku riƙe ta da kyau."

Khamiso ya miƙe. Ya shiga ya tayar da inji, ƙararsa ta rufe komai. Da suka isa ya duba kan katifa da ƙasan katako yana neman zaren, bai gan shi ba, ya ce iska ta ɗauke.

Sauran kwanakinta, duk matar da ta shigo dubiya sai ta ji labarin. Kaguwar tana ƙara girma da kowace baƙuwa, har ta kusa kai faranti. Khamiso yana zaune a bakin ƙofa yana ji, yana lallashin kansa: idonta ya yi rauni, rana ta faɗi, ba ta gani ba. Da wannan ya riƙe zuciyarsa har aka kai ta makwancinta.

Bayan an watse daga zaman makoki, Rahima tana haɗa kayan marigayiyar da za a bayar sadaka, ta zo ta durƙusa a gabansa da mayafin nan.

"Baba, akwai ƙulli a bakinsa, inda take ɗaure canji. Na ce kai ya kamata ka kwance."

Ya kwance. Ba canji a ciki. Guntun jan zare ne, an naɗe shi tsaf, har yanzu da ƙanshin teku.

Rahima ta ce ba ta taɓa jin namiji ya yi irin kukan ba, sai da ta ruga ta kira Yaqub.

Yana nan har yau a bakin matakala. Rahima ke niƙa yajin, da inji, da roba kuma take ɗaurin. Yatsan ƙafarsa bai manta aikinsa ba, yara na nan suna ihu, sai dai in sun fara yakan juya ya dubi wajen Manora har su gama. Wani lokaci a cikin baƙi akan sami mai wayo, irin wanda ya ji ƙishin-ƙishin, ya matso yana murmushi ya ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, akwai sauran kaguwa a ruwan nan?"

Khamiso yakan dube shi ido cikin ido.

"Akwai," yakan ce. "Matata ta kama ɗaya."