Lorna Bekkedahl, Mai Kai Tsofaffi Wurin Waƙa

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Big Horn, Lorna Bekkedahl ta riga ta shiga turken alfadarai. Takan duba kofatansu, ta goge musu baya, ta zuba ingirici, sannan ta kifa bokiti ta zauna ta sha kofinta baƙi ƙirin. Haka take yi rani da hunturu a gonar kiwon iyalan Kuykendall. Amma mu mutanen kwarin nan mun fi saninta da rana guda a shekara, ranar da ake taron waƙoƙin makiyaya a filin ciyawar da ke saman gonar.

Taronmu ba na lasifika ba ne. Daga jita sai goge sai muryar mutum, jama'a na zaune a kan dammunan ingirici. Mota ba ta iya hawa can, don haka a shekarun farko mai ƙafa ne kawai ke zuwa.

Wata shekara Lorna ta ga Orval Tjaden, tsohon makiyayin da gwiwoyi suka ci amanarsa, zaune cikin motarsa a gindin tudu, ya sauke gilashi ya kasa kunne.

Ta ce, "Orval, me kake ji daga nan?"

Ya ce, "Iska nake ji. Jefi-jefi takan zo da ɗan goge."

"To, sauko tsoho, kafin kunnen ma ya bi sawun gwiwoyin."

Ta ɗaura wa alfadaranta biyu amalanken ɗiban ciyawa, ta shimfiɗa bargo, ta haye da shi. Ba wanda ya sa ta. Da shekara ta zagayo sai ga masu sanda da masu keken guragu sun yi layi suna jiranta, har gidan kula da tsofaffi na garinmu ya fara turo nasa. Yau fiye da shekara talatin ke nan.

Duk wanda ya hau amalanken ya san alfadaran, Biskit da Sanata. In aka tambaye ta dalilin sunan na biyun sai ta ce, "Ci kamar gara, aiki sai an roƙe shi."

Doreen Applegate, ma'aikaciyar jinyar da ke rako tsofaffin, ita ta ba ni labarin shekarar ƙanƙara. Da la'asar ne, amalanke cike, sun iso kwanar da hanya ta tsuke, dutse a dama, rami mai zurfi a hagu. Hadari ya taso ba sallama, aka yi wata tsawa, ƙanƙara ta sauko kamar ana jifa da tsakuwa. Biskit ya firgita ya miƙe a kan ƙafafun baya, amalanke ya soma ja da baya wajen ramin. Lorna ta danne birki ta dira ƙasa, ta tuɓe rigar sanyinta ta rufe wa Biskit fuska, ta tsaya tsakanin dabbobin biyu riƙe da linzamansu.

Wata tsohuwa ta fara kuka. Lorna ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Ba waƙa kuka zo ji ba? To, ku yi mini ita! Orval, fara mana."

Orval ya ce, "Da wannan muryar tawa?"

"Ita nake so. Sanata zai ɗauka ɗan'uwansa ne ke kuka, ya kwantar da hankali."

Tsofaffin suka tuntsire da dariya, Orval ya ɓarke da waƙa, saura suka amsa. Suna yi har hadarin ya wuce. Sai da Lorna ta kai su sama ta sauke kowa, Doreen ta lura tana ɗingishi.

"Lorna, ƙafarki ta kumbura fa."

"Takalmin ne ya tsufa."

Ashe Biskit ya taka ta tun farkon firgitar, ƙashi ya karye. Ba ta yarda an kai ta asibiti ba sai da ta sauko da su duka.

Ke ce gadar marasa ƙafa, Lorna. Ke ce kika san wanda ke jin kunyar a ɗaga shi, sai ki ɗauke masa hankali da zolaya har ya tsinci kansa a zaune. Ke ce kika hau da matan da suka rasa mazajensu su ji waƙar da aka yi musu ranar aure, ba ki taɓa tambayarsu dalilin hawaye ba.

Bana ciwon gaɓɓai ya hana yatsunta riƙe linzami, ta miƙa aikin ga Darla, 'yar ƙanenta. A taron da ya wuce, Hollis Vandiver, mawaƙin da ya fi kowa daɗewa yana zuwa, ya tambaye ta a gaban jama'a wace waƙa ta fi so ya yi mata.

Ta ce, "Yi kowacce, Hollis. Ban taɓa jin ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Kullum ina hanya."

Hollis ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, aka zaunar da ita a gaba, ya gyara jita. Ta ji waƙar har ƙarshe, hannuwanta a kan cinya. Da ya gama ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ba banza na riƙa jido su ba."

Mun gode, Lorna. Allah ya ba yatsun nan sauƙi, ya sa ki ji waƙoƙi masu yawa a zaune. Mu kuma da muka rage, duk mai mota ko ƙarfin kafaɗa, ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon da ke maƙwabtaka da shi, ya tambaye shi ina yake so a kai shi.