Tseren da Aka Bi ta Kwarbai

Jama'a, ku ji abin da sabon malamin wasanni ya yi mana yau!

Shekara shida ina horar da yaran makarantarmu gudun dogon zango ta bayan ganuwa. Yau da za a zaɓi wanda zai wakilce mu a Kaduna, sai ga shi da agogo rataye a wuya. Wai hanyata ta ƙauyanci ce, ya zana sabuwa ta cikin Kwarbai.

Na ce, "Malam Bala, unguwar iyayensu ce fa."

Ya ce, "Malam Isa, ni karatun abin na yi."

To, bismilla! Aka busa usur. Zauren farko, gwaninmu Sani ya ci birki, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna yana gaida kawunsa. Zaure na biyu, malaminsu na allo! Garba kuwa, kakansa ya gan shi da gajeren wando, ya kora shi gida.

Wa ya zo na ɗaya? Audu, wanda ko akuya mai ciki ba ya iya kamawa! Baƙo ne, bai san kowa a birni ba.

Malam Bala ya dubi agogo, ya ce, "Ka gani? Na gano gwani!"

Audun za mu kai Kaduna.